Littafin gyaran gidan Hajiya: wa na biya, nawa, kuma yaushe

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan littafi ne saboda Yaya ya ce duk kwabon da ya turo daga Abuja yana so ya ga inda ya shiga, ni kuma na san kaina da mantuwa. Gidan Hajiya ne a nan Kano, wanda marigayi Baba ya gina tun muna firamare: ɗaki uku, falo, da kicin a tsakar gida. Daminar bara bokiti huɗu aka jera a ɗakinta. Kwano ya yi tsatsa, silin ya yi ciki, bangon gabas kuwa danshi ya ci shi har filasta tana zubowa da kanta.

Abin da muka tsayar: a yaye kwanon gaba ɗaya, a ƙara wa ginin tsawo da layin bulo biyu saboda zafi, a zuba linta a kai, a yi sabon rufi, sannan wayarin, filasta, silin, tayil da fenti. Banɗaki sai an ga abin da ya rage. A hannu akwai naira miliyan 2 da dubu 300, Yaya zai riƙa ƙarowa ƙarshen wata. Fatanmu Hajiya ta yi azumi a ɗakinta.

Asabar, 13 ga Janairu

Magina uku suka zo suka ga gida a satin nan. Na farko ya yanka kuɗi kamar sabon gida zai tayar. Na biyu ya yi araha har na tsorata, don wanda ya yi maka araha a baki a siminti zai fanshe. Na uku shi ya yi wa maƙwabcinmu katanga, dattijo ne mai magana a hankali. Shi na ɗauka.

Ya ba ni zaɓi biyu: ko in riƙa sayo kaya shi ya yi aiki, ko a yi jinga, kaya da aiki duk a wuyansa. Ni ba na tashi daga makaranta sai ƙarfe biyu, ina na ga lokacin zaryar kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa? Na zaɓi jinga. Ya yi lissafi a bayan takardar buhun siminti: buhu 60 a kan 5,600, bulo 400 a kan 380, yashi tifa biyu 100,000, kuɗin aiki 480,000. Na ja, ya ja, muka tsaya a miliyan 1 da dubu 50. Rodi da tsakuwa ba sa ciki, ni zan saya.

Sai maganar kafin alƙalami. Ya nemi 700,000, kuma dalilinsa ya kama hankalina: siminti ba ya kwana biyu a farashi ɗaya, gara a kwashe shi yanzu. Na tura masa 650,000, wato kuɗin kaya duka 588,000 da 62,000 na fara aiki. Ba takarda, ba shaida. Alat ya shiga, ya duba waya ya ce, "Ya shigo, Malam. Allah ya sa albarka."

Da daddare na gaya wa Kawu. Ya ce, "Simintin ka gan shi da idonka?" Na ce gobe zai sayo. Ya yi shiru, can ya ce, "To." Wannan "to" ɗin bai kwanta mini ba.

Litinin, 15 ga Janairu

Hajiya ta koma wajen ƙanwata da kayanta. An yaye kwano. Gara ta gama da katakon ƙarƙashi, wani ma da hannu lebura ya marmashe shi ya zama gari. Ban san yadda rufin nan ya kai bara bai faɗo wa baiwar Allah ba. An sauke bulo da yashi tifa ɗaya. Na ga siminti a ɗakin da muka ware don ajiya, ban ƙirga ba.

Laraba, 24 ga Janairu

Gini ya tashi, an zuba linta. Rodi da tsakuwa 95,000. Ruwan 'yan garuwa ni nake biya kullum, ba wanda ya sa shi a lissafi tun farko.

Asabar, 27 ga Janairu

Da kafinta na yi abin da ya kamata in yi da magini. Na ce masa kaya ni zan saya, amma ya zo mu je tare. Muka wuni a 'Yan Katako ta Na'ibawa, yana ɗaga kowane katako yana rufe ido ɗaya yana duba ko ya miƙe, ɗanye kuwa da nauyinsa yake gane shi ya ture gefe. Na lura da kallon da suka yi wa juna shi da mai katakon lokacin biya. Na san akwai la'adarsa a ciki. Ban ce komai ba, don abin da ya tsame ni daga ciki na karkataccen katako ya fi abin da za a ɗan damƙa masa.

Katako 310,000. Kwano bandir shida, 348,000. Ƙusa, baƙin mai da maganin gara 35,000. Kuɗin aikinsa 150,000, kuma mun raba shi tun a mota: 40,000 ranar da ya fara, 50,000 idan katako ya tsaya, ragowar idan an rufe.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Katako ya tsaya, an shafe shi da baƙin mai. Na hau tsani na gani, na biya 50,000. Magina suna can ƙasa suna kankare tsohuwar filasta.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

An rufe gida. Muka ɗan ja da kafinta a kan cikon 60,000. Na ce zan ba shi 30,000, in riƙe 30,000 sai ruwa ya sauka an ga ba yoyo. Ya ajiye guduma ya ce, "Malam, yau takwas ga Fabrairu. Ruwan Kano sai Mayu ko Yuni. Kuɗina ya yi wata huɗu a aljihunka, ranar da za ka ba ni mudun shinkafa nawa zai saya?" Gaskiya ya faɗa, ba ni da amsa.

Shi ya kawo shawara da kansa. Muka kira ɗan garuwa da kura guda, yaronsa ya hau sama yana tuttula jarka a kan tsororuwa da duk inda kwano ya haɗu da kwano, ni ina ciki da tocila. Wuri ɗaya ya ɗiga, ƙusa ce ta kauce wa katako, ya toshe a take. Na ba shi 45,000, na riƙe 15,000. Ya ce wannan ya yarda, don jarka ba ta zuwa da iska.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Na biya ta gidan bayan an tashi daga makaranta, na tarar da leburori biyu zaune a kan bulo suna musun ƙwallon jiya, yadda Kwaddebuwa ta farke ta ƙara wa Najeriya, ta ɗauke kofin Afirka 2 da 1. Shebur a jingine, baro a kife. Na tambayi dalili, suka ce babu siminti, kuma Oga, wato maginin, bai zo ba tun Asabar.

Na buɗe ɗakin ajiya. Wayam. Takardun buhunan suna nan a ninke a lungu, na durƙusa na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ashirin. Na sake ƙirgawa, ashirin ɗin dai.

Sai bayan La'asar ya zo. Bai yi mini ƙarya ba, wannan zan rubuta masa. Ya ce buhu 20 ya fara saya, da niyyar ya riƙa ɗaukowa kaɗan kaɗan kada ya sha iska ya daskare. Ana cikin haka mai wani gini da yake yi a wata unguwa ya riƙe masa kuɗi, leburorin can suka taso shi a gaba, sai ya ari 226,000 daga nawa da niyyar mayarwa cikin sati. Sati ya zama wata. Kafin ya waiwayo siminti ya tashi sama. Yana magana yana kallon ƙasa, mutumin da ya haife ni a shekaru.

Na wuce wajen mai siminti na bakin titi. Buhu 9,500. Na ce wanda aka saya 5,600 wata ɗaya da ya wuce? Ya ce dala ce, kuma farashin na yau ne, bai yi mini alkawarin gobe ba.

Da daddare na zauna da biro. A cikin 650,000, kaya na 314,000 kawai ya saya. Ya biya ma'aikata 110,000, ya karkatar da 226,000. Idan na ɗauki waɗannan biyun a matsayin kuɗin aikinsa, ya karɓi 336,000 a cikin 462,000 da kuɗin aiki ya koma bayan ciniki, saura 126,000. Aikin da ya yi kuwa da ƙyar ya kai kashi ɗaya cikin uku. Filastar gida duka tana gaba, ciki da waje. Abin da ya hana ni barci ke nan, fiye da tsadar simintin: aikin da ya rage ya fi kuɗin da ya rage yawa. Duk safiyar da ya tashi, ko wane gini a garin nan ya fi nawa amfani a wurinsa. Ni na ɗaure kaina da hannuna ranar 13 ga Janairu.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Ƙaramin cikin leburorin ya jira ni a ƙofar gida. Ɗan ci-rani ne, a wani zaure yake kwana da 'yan garinsu. Ya gaishe ni har ƙasa ya ce, "Malam, kwana uku muka yi muna kankare bango ba a sallame mu ba. Mu ba ruwanmu da tsadar siminti." Na ce ai na biya ogansu tun tuni. Ya ce ya sani. Bai ƙara komai ba, bai kuma tafi ba.

Na kai wa Hajiya labari ina huci, ina cewa ba zan biya aiki ɗaya sau biyu ba. Ta bari na gama ta ce, "Bangon wa suka kankare? Nawa ne ko na ogansu? Kai da kake koyarwa ba ka san an ce a ba ma'aikaci hakkinsa kafin guminsa ya bushe ba? Ni ba zan kwana a ɗakin da aka ci gumin yaro ba." Na koma na cire kuɗi wajen mai POS, na ba su 9,000 kowanne. Na rubuta 18,000 a kan Oga.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Bayan an sauko daga masallaci muka zauna a zauren Kawu: ni, magini, Kawu da maƙwabcin da ya haɗa mu. Na je da niyyar in sallame shi in kai ƙara. Kawu ya ja ni gefe tukuna. Ya ce sabon magini zai zo ya kushe duk abin da aka yi, ya yanka sabon kuɗi, kuma mutumin da ka kai ƙara ba ya riƙe maka cokalin filasta. Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski, a bar shi ya ƙarasa, amma a canza yadda kuɗi ke tafiya.

Na yago takarda daga littafin darasi aka rubuta. Daga yau duk kaya ni zan saya, mukullin ɗakin ajiya a aljihuna. Zai dawo da 120,000 kashi biyu idan mai wancan ginin ya biya shi. Leburori biyu a 3,000 da ƙaramin magini a 5,000, ni zan riƙa sallamarsu kullum da yamma a gabansa, daga cikin kuɗin aikin da ya rage. Abin da ya saura bayan an gama shi ne nasa. Bambancin kuɗin siminti na so a raba biyu, Kawu ya ce da me zai biya? In na zaftare masa, yaran ne za su kwana da yunwa. Na haɗiye.

Da aka zo sa hannu maginin ya ɗan ji nauyi, ya ce shekara talatin yana gini ba a taɓa sa shi rubutu ba. Kawu ya ce, "Malam, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ba don ana zargin kowa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa." Ya karɓi biro.

Da za mu rabu Kawu ya ce da ni in riƙe abu ɗaya: kada abin da na biya ya taɓa wuce aikin da ke tsaye a gabana. Na ce da ya faɗa mini tun ranar. Ya ce ranar na zo masa da labari ne, ban zo neman shawara ba.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Tunda babu siminti, mai wayarin ya samu fili ya fasa bango ya binne bututunsa. Kayan wuta 260,000, na saya da kaina, na dage a kan waya mai kyau ko da ta fi tsada. Aikinsa 70,000, na ba shi 30,000.

Talata, 20 ga Fabrairu

Da safe rediyo ta ce jiya Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote, BUA da Lafarge, an amince buhu ya koma tsakanin 7,000 da 8,000. Na garzaya wajen mai siminti da murna. Ya yi dariya ya ce, "Malam, sai ka je ka saya a rediyon." Nasa na tsohuwar mota ne, 9,500. Na ɗauki buhu 15 kawai don aiki ya tashi, na jira da sauran. Yashi tifa ta biyu 55,000.

An fara filasta. Da yamma na ƙirga wa kowa kuɗinsa a hannu.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Oga ya kawo 60,000 a ƙunshe a leda. Ɗaki biyu sun samu filasta.

Asabar, 2 ga Maris

Siminti ya ɗan sauko, na ɗauki sauran buhu 25 a 8,300. Duka duka bambancin da na biya a kan buhu 40 ya kama 126,000. Na tura wa Yaya lissafi, ya kira ya yi faɗa na minti goma, sannan ya tambayi lafiyar Hajiya.

Wani abu da na lura tun da na fara biyan yaran da kaina: ƙarfe bakwai suna nan. Amma biyan yini yana da nasa ciwo. Wanda ake biya a yini ba ya sauri, kamar yadda mai jinga ba ya tsayawa ya gyara. Yanzu Oga ne ke kora su, don duk yinin da aka ƙara daga rabonsa yake fita. Ban tsara haka da gangan ba, takardar Kawu ce ta yi aikinta.

Asabar, 9 ga Maris

Ranar Laraba Hajiya ta zo ganin gida ba na nan. Yau na tarar da sabuwar kanta a kicin da dakali a ƙofar falo. Sun yi kyau, ba ƙarya. Oga ya ce Hajiya ce ta ce a yi, kuma ba ya cikin jinga, a ba shi 35,000. Na kira ta, ta ce, "Ai ɗan abu ne, na ce ya ɗan liƙa mini." Ɗan abin nan ya ci buhu uku da yini biyu na mutum uku.

Ba zan iya ce wa uwata don me ba, shi ma ba zan ce ya yi kyauta ba, kuma aikin da aka riga aka gama ba a cinikinsa da ƙarfi, tunda ba za a rushe ba. Na ɗauki nauyin yini biyun, 22,000, daga aljihuna ba daga rabonsa ba, na ƙara masa 5,000. Na roƙe shi, ko wa ya ce a ƙara wani abu, ko da ƙusa ce, a kira ni a yi kuɗinta tukuna. Hajiya kuma na lallaɓa ta da cewa ta riƙa gaya mini, ni zan isar.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi huɗu yau, an ɗauka ranar Litinin. Hajiya tana yin sa a gidan ƙanwata. An gama filasta.

Lissafin Oga: kashi na biyu 40,000 ya kawo maimakon 60,000. Yini 17 na biya ma'aikata, 187,000. Abin da ya rage nasa 21,000. Na so in riƙe wani abu har filasta ta bushe a ga ko za ta tsage, sai na dubi kuɗin na ga babu abin riƙewa. Na ba shi duka. Muka yi musafaha, ya ce in yafe masa. Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, kuma har zuciyata, ko da yake dubu 126 ɗin tana nan tana yi mini ciwo.

Laraba, 20 ga Maris

Kafinta ya gama silin na roba. Kaya 240,000, aiki 45,000, na biya da ya gama. A azumi aiki daga bayan Asuba ne zuwa wajen sha biyu, daga nan zafi ba ya barin kowa.

Asabar, 23 ga Maris

Mai tayil ba ya jinga a dunƙule, da mita yake aiki, 1,200 kowace. Ya ce gidan mita 82 ne. Na ce a ɗauko tef. Ni na riƙe baki ɗaya shi ɗaya, ɗaki bayan ɗaki, muka samu 74. Ya ce ya haɗa da abin da za a yanke a zubar. Na ce wannan a kuɗin tayil yake shiga, ba a kuɗin aiki ba. Ya yi murmushi, aka wuce wurin. Za a riƙa biya ɗaki ɗaki, idan na zaga da mukulli na ƙwanƙwasa kowane tayil. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, ƙarƙashinsa babu siminti, a ɗaga shi.

Tayil 368,000, siminti buhu 12. Asusu ya kusa ƙarewa.

Alhamis, 28 ga Maris

Wannan karon laifina ne. Ya gama ɗaki biyu, na ƙwanƙwasa, tayil uku kawai ya sake. Kuɗinsa 31,200. Ba ni da su. Na kwashe komai na zuba a kaya ina dogaro da cewa Yaya zai turo Laraba, shi kuma ba a yi musu albashi ba. Na ce wa mai tayil ya yi haƙuri zuwa Litinin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, kai ka ce ɗaki ɗaki." Ya naɗe wayar injinsa ya ɗaura a babur.

Ina ta tsara yadda ma'aikaci ba zai riƙe mini kuɗi ba, ban tsara yadda ni ba zan riƙe nasa ba. Da na rage kwali goma na tayil ɗin falo, da kuɗinsa na aljihuna.

Litinin, 1 ga Afrilu

Yaya ya turo. Na tura wa mai tayil kuɗinsa a take. Ya gode, ya ce ya kama wani aiki, sai ya gama.

Asabar, 6 ga Afrilu

Mai tayil ya dawo yau, kwana tara a banza.

Sallah ta matso, kowa ya tuna da ni. Mai fenti, wanda ko burushi bai jiƙa ba, ya zo neman 25,000 ya yi wa yara ɗinki. Na ce a'a, ya tafi ransa a ɓace. Na tausaya masa, amma na ga inda irin wannan ke ƙarewa. Leburorin nan biyu na neme su na ba su goron Sallah 3,000 kowanne, wannan kyauta ce, ban sa a lissafin Yaya ba.

Mai wayarin ya ɗaura soket da makunni ya nemi cikon 40,000. Babu wuta a unguwar, ba yadda za a gwada. Ya ce, "Haba Malam, Sallah fa." Na hana mai fenti da safe, da yamma na ba wannan duka.

Talata, 16 ga Afrilu

An kawo wuta ina gidan. Soket biyu na falo a mace. Makunnin fankar ɗakin Hajiya ƙwan baranda yake kunnawa. Na kira shi, ya ce gobe.

Laraba, 24 ga Afrilu

Gobe ta zama kwana takwas. Yau yana wajen biki, gobe babur ya lalace, jibi waya a kashe. Ya zo yau ya gyara cikin awa ɗaya da rabi. Janaretan maƙwabci da fetur lita biyu sun isa su nuna mini duk wannan ranar 6 ga wata, kuɗinsa na hannuna.

An gama tayil tun satin jiya, na biya cikon 57,600.

Asabar, 27 ga Afrilu

Mai fenti ya huce ya zo. Fenti 130,000, aiki 50,000: rabi bayan shafi na farko, rabi bayan na biyu da goge ɗigon da ya zuba a tayil. Na faɗi maganar gogewa tun kafin ya buɗe bokiti.

Kafin ya fara mun ga tsaga siririya a bangon gabas, daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Na kira Oga ban sa rai ba, tunda ba ya bina ba na binsa. Washegari ya turo ƙaramin maginin da rabin buhu a bayan keke, ya buɗe tsagar ya cike. Na ba yaron kuɗin mota.

Asabar, 4 ga Mayu

Hajiya ta dawo ɗakinta. Ta zauna a kan dakalinta ta ce shi ya fi komai kyau a gidan. Abin da aka kashe zuwa yau ya haura miliyan 3 da rabi kaɗan.

Talata, 11 ga Yuni

Daren jiya aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Da asuba Hajiya ta kira, falo yana ɗiga ta kusurwar arewa, inda kwano ya haɗu da bango. Na kira kafinta ƙarfe bakwai, kafin Azahar yana sama. Iska ce ke turo ruwa ta ƙarƙashin kwanon da ya rufe gefen, ya ƙara lanƙwasa shi ya bi da ƙusa da kwalta. Ya sauko yana share hannu ya ce, "Na gaya maka jarka ba ta zuwa da iska." Na ce mu ga ruwa ɗaya tukuna. Ya ce Babbar Sallah ranar Lahadi ce, kuma akwai cefane. Na ba shi 10,000, saura 5,000.

Saura banɗaki. Mai aikin famfo ya zo ya auna, yana son rabin kuɗi kafin ya fara, wai zai sayo bututu. Na ce ya rubuto mini abin da ake buƙata, bayan Sallah mu shiga Ƙofar Ruwa tare. Ramin sokawe kuma sai na tambayi Kawu ko a haƙa yanzu ko a bari damina ta wuce.